Itacen Tut da Danginsa na Ƙasar Daura

Jawabi ga ma'aikatan En'e da magadansu

  Gaisuwa ga dattawan da suka yi wa En'e ta Daura aiki kafin a sake tsari a 1976, da samarin da suka gaji kujerunsu a ƙananan hukumomin nan biyar, watau Daura da Ɓaure da Zango da Mai'aduwa da Sandamu.

Bayan gaisuwa, zancen yau na itace ne. Wanda ya ji an ce daga ɗakin shari'a za a kawo maganar itace, watakila ya yi mamaki, ya ce ina ruwan biri da gada? Amma duk wanda ya taɓa buɗe littafin ƙararraki ya san cewa in an ɗebe aure da bashi da gado, babu abin da ya fi tara mutane gaban alƙali kamar gona, kuma sau da yawa in aka bi rikicin gona har gindinsa, sai a iske wata tsamiya ko wata kuka ce tsaye a tsakiyarsa. Sabo da haka za a ɗauko wani itace na nesa, a ba da labarin yadda ya arzuta waɗansu ƙasashe, ya kuma kunyata waɗansu, sa'an nan a komo gida a duba abin da labarin ya ke nuna wa ma'aikacin Daura.

Siffar itacen da 'ya'yansa

Larabawa da mutanen Farisa suna kiran itacen nan tut, Turawan Ingila suna ce masa malberi. Ba shi da suna na asali a Hausa, domin ba itacen ƙasar nan ba ne. Irinsa uku ne suka fi shahara. Akwai fari, wanda asalinsa ƙasar Sin ne. Akwai baƙi, wanda ya daɗe a Farisa da Sham, shi ne Larabawa su ke kira tut na Sham, kuma 'ya'yansa sun fi na sauran daɗi. Akwai kuma ja, na ƙasar Amurka. Tsawonsa matsakaici ne, ganyensa faffaɗa mai zarto a gefe, in aka tsinke shi ya kan fid da farin ruwa kamar nono.

'Ya'yan ƙanana ne, galibi ɗaya bai fi gaɓar yatsa ba. In an duba da kyau, ko wane ɗa tarin ƙananan ƙwayoyi ne da suka manne da juna, ba shi da ƙwallo mai tauri irin na ɗinya ko magarya, duka a ke cinye shi. Ya kan fara kore, ya yi ja, sa'an nan na baƙin ya rine ya yi duhu, ga zaƙi ga ɗan tsami. Ruwansa ya kan rina hannu da baki da riga, har yaron da ya sata ba ya bukatar shaida. Babban aibinsa shi ne rashin jimiri, kwana ɗaya ko biyu bayan an tsinke sai ya lalace, don haka ba ya zuwa kasuwa mai nisa yana ɗanye. Mutanen ƙasashen da ya yawaita sun yi wa wannan dabara. A Afganistan su kan shanya shi ya bushe, su daka ya zama gari, su ajiye don guzuri da abincin lokacin sanyi. A Turkiyya su kan dafa ruwansa har ya yi kauri kamar zuma. Matan ƙasar Hausa ba za su yi baƙon wannan aiki ba, gama haka su ke yi wa ɗinya su fid da maɗi.

Ganye ya fi 'ya'ya daraja

Amma fa ba 'ya'yan ne suka sa sarakuna suka damu da tut ba, ganyensa ne. Akwai wata tsutsa wadda ba ta da abincin da ta ke so kamar ganyen farin tut, ita ce tsutsar alharini. Ƙwanta bai kai ƙwayar gero ba. In ta ƙyanƙyashe sai ta shiga ci dare da rana, wajen mako uku zuwa huɗu, tana saɓa har sau huɗu, nauyinta ya riɓanya wajen sau 10,000. Daga nan sai ta daina ci, ta fid da zare daga bakinta ta naɗe kanta, cikin kwana biyu ko uku ta saƙa ɗaki ta shige. Ɗakin nan duk zare ɗaya ne bai tsinke ba, tsawonsa ya kan kai yadi 1,000. Masu sana'ar su kan turara ɗakunan kafin ɗan faɗa-wutan da ke ciki ya huda ya fito, su jiƙa cikin ruwan zafi, su kamo bakin zaren, su haɗa na ɗakuna da yawa su kaɗe. Sai an tara ɗakuna wajen 5,000 kafin a sami kilo ɗaya. Wanda ya auna wannan ya san irin ganyen da a ke bukata, ya kuma san cewa mai son alharini sai ya fara zama mai itace.

Mutanen Sin sun fi shekara 4,000 suna wannan sana'a, kuma sun daɗe suna ɓoye asirinta. Sai wajen shekara ta 552 waɗansu masu ibada na Nasara suka kai wa Sarkin Rum Jastiniyan ƙwan tsutsar a birnin da a ke kira Istambul yanzu, an ce cikin ramin gora suka ɓoye shi. Bayan zuwan Musulunci sana'ar ta bazu a Sham, ta ƙetara har Andalus. Har yau kuwa Sin da Indiya ne ke fid da mafi yawan alharinin duniya.

Dokar da ta tsai da itace

To, ga wurin da labarin ya shafi ɗakin shari'a. A shekara ta 485 wani sarki na arewacin Sin, daga gidan sarautar da a ke kira Wei, ya kafa dokar rabon gonaki. Ko wane magidanci aka ba shi ƙasa iri biyu. Ta fari gonar hatsi ce, wadda in ya tsufa ko ya mutu ta kan koma hannun hukuma a ba wani. Ta biyu ƙarama ce, an kira ta gonar tut, an ɗora masa ya dasa tut 50 a cikinta, da itacen magaryar ƙasarsu 5, da wani itacen katako 3, cikin shekara uku. In ya dasa, gonar ta zama tasa, ba a karɓe ta, 'ya'yansa su gada. In ya ƙi, a karɓe wurin da ya bari fili.

A lura da hikimar da ke ciki. Hatsi wata huɗu ne, wanda ya shuka shi ne zai girbe, don haka ko gonar aro ce mutum zai noma ta. Itace kuwa shekaru ya ke so, kuma ba mai haƙa rami ya yi ta ɗaukar ruwa rani bayan rani alhali yana tsammanin gobe za a ba wani wurin. Sarkin nan bai tsaya ga umurni kaɗai ba, ya haɗa umurnin da tabbacin mallaka, shi ya sa tsarin ya rayu bayan gidansa ya faɗi, gidajen sarautar da suka biyo baya suka ci gaba da shi har fiye da shekara 200.

Waɗanda suka yi gaggawa

Waɗansu kuwa sun hango ribar alharini suka faɗa ba shiri. Wajen 1609 Sarkin Ingila Jemis na Ɗaya ya ga kuɗin ƙasarsa suna zurarewa Faransa da Italiya wajen sayen alharini, sai ya aika wa manyan larduna takarda su sa mutane su sayi dashen tut, shi kansa ya kafa lambunsa a London, kusa da inda fadar sarautar ta ke yanzu. Aka dasa dubbai. Ashe mafi yawa baƙin tut ne, wanda tsutsa ba ta so kamar fari, ga kuma sanyin ƙasar. Sana'a ba ta kafu ba, sai dai tsofaffin itatuwa da suka rage a lambuna ana shan 'ya'yansu.

A Amurka kuma, cikin shekarun 1830, aka yayata wani irin tut mai saurin girma, aka ce duk wanda ya dasa ya yi arziki. Mutane suka yi ta sayen dashe suna sayarwa juna, kuɗinsa na hauhawa, kowa yana cinikin itace, masu kiwon tsutsar kuwa kaɗan ne. A 1839 ciniki ya karye, masu gonaki suka riƙa tumɓuke abin da suka saya da tsada suna ƙonewa.

Mafi ban tausayi shi ne labarin Dutsen Lubnan. A ƙarni na 19 mutanen wurin suka cika tudunsu da tut, suna sayar wa masaƙun birnin Liyon na Faransa zare, su sayi alkama daga maƙwabta. Muddin jirage na zuwa, abin yana tafiya daidai. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tashi aka toshe teku, aka tare hanyar hatsi ta tudu, a 1915 kuma fara ta sauka. Mutane suka wayi gari ga itace ba abinci. Tsakanin 1915 da 1918, bisa ƙiyasi, wajen sulusin mutanen dutsen suka mutu. Mutanen Daura, waɗanda kakanninsu suka ga yunwar Kakalaba a 1914, ba sa bukatar a fassara musu wannan. Tun kafin yaƙin ma cinikin ya fara rauni, samari suka riƙa fita neman arziki, waɗansu suka iso Afirka ta Yamma. Su ne Hausawa ke kira Kwara.

Alharini da tsamiya

Ko da ya ke itacen bai zo ƙasar Hausa ba, zarensa ya daɗe da zuwa. Kalmar alharini kanta daga Larabci ta ke. Fataken Gadamas su kan ɗauko rinannen alharini ja daga Tarabulus, su ratso Sahara da raƙuma su kawo Kano, kuma Bature matafiyi Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya lissafta shi cikin manyan hajojin da ke shigowa daga arewa. Da shi masaƙa su ke saƙa barage, maɗinka su ke ƙawata riguna da wanduna.

Ban da na saye kuma, Hausawa suna da nasu na gida. Akwai wata tsutsar daji da ke cin ganyen tsamiya da doka, ba ɗai-ɗai ta ke saƙa ɗaki ba, taro su ke yi su saƙa babbar jaka guda su shige tare. A kan ɗebo jakar a dafa da ruwan toka har danƙon ya saki, a wanke, a shanya, mata su kaɗa shi da mazari kamar auduga. Zaren shi ne a ke kira tsamiya, Yarabawa su ce sanyan. Ba ya ƙyalli kamar na Sin, amma yana da ƙarfi, da shi a ke yi wa manyan riguna aiki, irin su aska biyu da aska takwas. Ba wanda ya taɓa gina wa tsutsar nan ɗaki ko ya yanko mata ganye. Abin da ta ke bukata kaɗai shi ne a bar mata itacenta tsaye, in aka sare shi kuwa, zaren ya tafi tare da shi.

Akwai wata hanya kuma da tut ya shigo ƙasar nan ba a lura ba, ita ce hanyar littafi. Tuhfa, wadda alƙalan Arewa suka dogara da ita tare da Risala da Muhtasar, Ibn Asim ne ya wallafa ta, alƙalin Garnaɗa ta Andalus, wanda ya rasu a 1426. Garnaɗa kuwa a zamaninsa ƙasar tut ce da alharini. Malaman can sun sha amsa tambayoyi bisa cinikin ganyen tut da tarayya cikin kiwon tsutsa, kuma Wansharisi, wanda ya rasu a 1508, ya tara irin waɗannan fatawoyi cikin littafinsa Mi'iyar. A cikin Tuhfa akwai fasali bisa cutar da itatuwa ke yi wa maƙwabci, akwai kuma fasali bisa yarjejeniyar dashe. Za a komo kan wannan na biyun.

Danginsa na gida

Masana itatuwa sun sa tut cikin gida ɗaya da ɓaure da durumi da cediya da gamji. Alamar dangantakar ita ce farin ruwan nan da dukansu ke fitarwa in an karya ganye ko an sari ɓawo. Sunan da mutanen Yunan na dā suka ba ɓaure ma haɗi ne na kalma biyu, ɗaya ta ɓaure ɗaya ta tut, sabo da ganyensa ya yi kama da na tut. Ashe dai baƙon nan yana da 'yan'uwa a ko wane lungu na ƙasar Daura.

Ba sai an gaya wa kowa amfaninsu ba. Ɓaure yana ciyad da yara da tsuntsaye da awaki, kuma ƙananan ƙwarin nan da a ke iskewa cikin ɗansa, waɗanda suka sa a ke yi masa gori, su ne ke ɗaukar masa barbara daga itace zuwa itace, in babu su ba ya yin iri. Durumi da cediya su ne rumfar ƙofar gida da ta kasuwa, kuma kafin a gina ɗakunan shari'a da ofisoshin hakimai, ƙarƙashinsu aka yi ta zaman fadanci da sulhu. Gamji kuwa a farkon zamanin Turawa an yi cinikin danƙonsa, har Turawa suka laƙaba masa sunan Kano. Tare da su ga ɗinya da kanya da tsamiya da kuka da magarya da aduwa da goruba, waɗanda a shekarar fari, kamar 1973 da 1984, suka riƙe gidaje da yawa kafin agaji ya iso. Ƙasar da biyu daga cikin ƙananan hukumominta biyar ke amsa sunan itace, Ɓaure da Mai'aduwa, bai kamata a koya mata darajar itace ba.

Ko tut zai yi a Daura? Zai yi, amma da sharaɗi. Itace ne mai son ruwa, damina kuwa a nan wata huɗu ce, daga Yuni zuwa Satumba, sauran shekara rani ne. A jigawa ba zai jure yadda aduwa da gawo ke jurewa ba. Wurinsa lambu ne da fadama, da gonakin da ke shan ruwan madatsun Sabke da Daberam, ko tsakar gida inda a ke zubar da ruwan alwala. Dasa shi ba wuya, yadda a ke kafa reshen cediya haka a ke yi masa: a yanko reshe mai kaurin ɗan yatsa, tsawon taƙi ɗaya, mai ido uku ko huɗu, a kafa da faɗuwar damina, a kange shi daga awaki. Cikin shekara biyu ko uku ya fara 'ya'ya. A nisanta shi da bango da bakin rijiya, gama saiwarsa mai bin ruwa ce, kada kuma a sa shi inda a ke shanya tufafi. Ganyensa abinci ne mai kyau ga tumaki da awaki, mai ragon turke zai ji daɗinsa. Kiwon tsutsar kuwa wani abu ne dabam. Ita tana son wuri mai laima, zafi kada ya wuce awo 28 da yawa, nan kuwa a Afrilu da Mayu ya kan kai 40. Wanda duk ya zo ya ce a tumɓuke gero a dasa tut don alharini, a karanta masa labarin Lubnan. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Misali daga ɗakin shari'a

Ga irin ƙarar da ko wane magatakarda ya sani. Mutum ya ari gona wurin abokinsa, ya shekara ashirin yana nomanta. Cikin shekarun nan ya tarar da tsiron tsamiya biyu da ɓaure ɗaya, ya kange su da ƙaya, ya raine su har suka girma. Mai gona ya rasu, magada suka zo suka ce a ba su gonarsu da abin da ke cikinta. Aka zo gaban alƙali.

Alƙali ya ce wa mai aro, "Gonar taka ce?"

Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ba tawa ba ce, ban kuwa taɓa cewa tawa ce ba. Amma itatuwan nan ni na raine su, kuma marigayi ya ce mini in na raina nawa ne."

Alƙali ya ce, "Wa ya ji sa'ad da ya faɗa?"

Ya ce, "Mu biyu ne a bakin gona, sai Allah."

Magada suka ce, "Allah ya gafarta Malam, mu ba mu san da wannan magana ba. Itacen da ya tsiro a gonar ubanmu na ubanmu ne."

Babu shaida, babu takarda, dagacin da aka yi abin a zamaninsa ya rasu. Alƙali zai yi hukunci da abin da ke gabansa, ba laifinsa. Amma ko wa ya ci shari'ar, 'yan kallo sun koma gida da darasi. Masu aron gona sun koyi cewa duk tsiron da suka gani su sa fartanya su cire tun yana ƙarami, kada su yi wa wani wahala. Masu ba da aro kuma sun koyi su hana dashe, domin a al'adar wurare da yawa na ƙasar Hausa dasa itace alamar mallaka ce, suna tsoron kada gobe a ce gonar ta mai dashe ce. Ta haka magana ɗaya da ba a rubuta ba ta kan kashe itatuwan da fari bai kashe ba, kuma ba wanda zai ƙirga su, tun da ba su kai ga girma ba.

Maganin kuwa yana cikin littafin da ke gaban alƙalin. Malaman Malikiyya sun halatta yarjejeniyar dashe, watau mai ƙasa ya ba wani wuri ya dasa itatuwa sanannu, a ambaci irinsu, a yanka iyakar da za a jira, kamar su kai wani tsawo ko su fara 'ya'ya, in sun kai sai a raba bisa kason da aka ambata tun farko. Haka kuma an bayyana hukuncin 'ya'yan da ke bisa itace sa'ad da aka sayar da shi, da hukuncin reshen da ya ƙetara iyaka. Dokar ba ta rasa ba. Abin da ya kan rasa shi ne wanda zai zaunar da mutum biyu gaban shaidu ya rubuta abin da suka yarda a kai tun suna shiri.

Abin da ya faru a ƙetaren iyaka

Ba sai an je Sin ba, ga shaida nan kusa, bayan Kongolam. A ƙasar Nijar, tun dokar daji ta Faransawa ta 1935, itatuwa masu daraja a hannun hukuma su ke, ko da a gonar mutum suka tsiro, in ya sare reshe ba izini a ci shi tara. Manomi ya ga itace a gonarsa jan magana ne, sai ya riƙa share gona ƙal. Bayan farin 1973 da na 1984 ƙasa ta tsiraita, iska na binne shuka da yashi. Daga 1983 wani malamin gona mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi, ya lura cewa kututturan da a ke sassabewa ko wace shekara suna da rai, saiwarsu na nan ƙarƙashin ƙasa. Aka shiga koya wa manoma su bar toho biyu ko uku masu ƙarfi a ko wane kututture, su datse sauran. Suka kira abin sassaben zamani. A ƙasar Damagaram kuma, wajen Magarya da Matamaye da Mirya, manoma suka yi ta rainon gawo a gonakinsu. Hannun ma'aikatan daji ya yi sauƙi, sa'an nan dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 suka ƙarfafa haƙƙin manomi bisa itacen gonarsa. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an sami itatuwa wajen miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Ƙasarsu ba ta fi ta Daura ruwa ba, mutanen kuwa dangi ne, harshe ɗaya, kasuwa ɗaya.

A wannan gefen ma an yi ƙoƙari. Dokokin daji na 1916 da 1937 sun ba En'e ikon keɓe gandun daji da hana saran waɗansu itatuwa, kuma malaman daji da suka yi aiki zamanin Sarki Abdurrahman, wanda ya yi sarauta daga 1911 zuwa 1966, da zamanin Sarki Muhammadu Bashar, daga 1966 zuwa 2007, sun tsare abin da in ba don su ba da tuni ya zama gawayi. Dalbejiyar da ke inuwantar da hanyoyi da makarantu ita ma baƙuwa ce daga Indiya, hannun ma'aikata ne ya dasa ta ya shayar da ita har ta zama 'yar gida. Wannan abin godiya ne, kuma don tunawa da irinsa aka taru. Sai dai hani shi kaɗai yana tsare tsohon itace ne, ba ya haifar da sabo. Sabon sai manomi ya so shi, shi kuwa ba zai so shi ba sai ya tabbata nasa ne.

Abin da a ke roƙo

Roƙon da a ke yi ga dagatai da masu unguwa shi ne, duk sa'ad da aka zo musu da maganar aro ko jingina ko sayar da gona, su tambayi itatuwan da ke ciki, a ƙirga su, a faɗi mai su da mai cin 'ya'yansu, a rubuta gaban shaidu, ko wane ɓangare ya riƙe takardarsa. Magatakardan kotu kuma, in ana rubuta rabon gado, kada su tsaya ga iyakar gona kaɗai, su sa tsamiya da kuka da ɗorawa cikin lissafi, gama rabon mata da marayu ya fi salwanta a nan. Malaman daji su bambanta tsakanin mai sarar daji don gawayi da manomin da ke datse itacen da ya raina da hannunsa. In aka yi wa na biyun irin hukuncin na farko, an koya wa ƙauye duka su daina raino. Malaman gona kuwa, in an kawo sabon iri, tut ne ko waninsa, su fara gwada shi a ɗan wuri su ga rani biyu ya wuce a kansa kafin su yi shela a kasuwa. Hakimai su ne iyayen ƙasa, in suka tambayi dagaci yawan tsiron da aka raina a ƙasarsa kamar yadda a ke tambayarsa sauran al'amura, ba da daɗewa ba za a ga bambanci.

Dattawan da a ke tunawa da su yau, da yawansu ba su zauna ƙarƙashin itatuwan da suka dasa ba, na baya ne ke shan inuwar. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya ba masu rai lafiya da ikon riƙe amana. Allah ya ja zamanin Sarki, ya zaunar da ƙasar Daura lafiya, ya ba da damina mai albarka. Amin. Haza wasalamu.